Tamaula a Tsakiyar Hunturu: Daga Filin Sukuwa Zuwa Ƙofar Mata



Yau da asuba, bayan an sallame salla, na fito daga gida nan Nassarawa GRA na bi titin Race Course a ƙafa. Hazo ya sauko ya kwanta a kan darbejiyoyi kamar an barbaɗa musu toka, fitilar mota ba ta haska nesa. Masu gadi sun takure a bakin ƙofofi, kowa ya naɗe kai da rawani ko tsohon bargo, wasu sun kewaye 'yar wuta suna jin ɗumi. Mai shayin kan kwana ne kaɗai ke da jama'a. Amma ina kusantar filin sukuwa, tun kafin idona ya ga kowa, kunnena ya ji usur, ya ji tim-tim ɗin ƙwallo. Yara ne da samari daga Badawa da Giginyu da Hotoro, wasu ma daga nesa suka tako, suna atisaye cikin gajeren wando. Wani da takalmin ƙwallo, wani da kambas da ya sha ɗinki, wani kuwa daga shi sai ƙafarsa mai faso.

Waɗannan yara su ne dalilin sharhinmu na yau.

Idan aka ce ƙwallo cikin sanyi, hankalin yawancinmu Turai yake tafiya ko Amurka, inda muke gani a talabijin numfashin ɗan wasa yana fita kamar hayaƙi. Can kam abin ya kai intaha. Ranar 2 ga Fabrairun 2022, a birnin Saint Paul na jihar Minnesota, Amurka ta karɓi baƙuncin Honduras a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya. Lokacin da aka take wasa sanyi ya kai wajen digiri 16 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas, wato kusan irin sanyin da ke cikin firizar masu sayar da ƙanƙara. Amurka ta ci 3 da nema. Abin da ya tsaya wa mutane a rai kuwa shi ne 'yan wasan Honduras biyu, har da mai tsaron gidansu, da suka kasa dawowa fili bayan hutun rabin lokaci, don sanyi ya ratsa su har ɗumin jikinsu ya faɗi. Mutanen ƙasar zafi ne irinmu. A ganina duk wanda ya zaɓi wannan gari a wannan wata don ya tarbi irin wannan baƙo, ya nemi nasara da abin da ba ƙwallo ba, kuma bai kyauta ba.

'Yan kallo ma ba su tsira ba. A watan Janairun 2024, a birnin Kansas City, an buga wasan ƙwallon Amurkawa, irin wadda ake runguma a ruga da ita, cikin sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Dubban mutane suka zauna a sarari sa'o'i suna kallo. Daga baya wani asibitin birnin ya bayyana cewa ya yanke wa mutane yatsun hannu da na ƙafa da sanyin waɗannan kwanaki ya kashe, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka je kallon wasan. Allah Ya kiyashe mu.

Su da abin ya zame wa jiki sun daɗe da yi masa tanadi. Tun 1958 kulob ɗin Everton na Ingila ya shimfiɗa wayoyin lantarki a ƙarƙashin ciyawar filinsa na Goodison Park don kada ƙasa ta daskare, yau kuma da wuya ka sami babban fili a can da ba a ɗumama shi ta ƙasa. Idan dusar ƙanƙara ta rufe fili sai a ajiye farar ƙwallo a ɗauko mai launi, a share layuka. Ɗan wasa ya sa riga mai manne wa jiki a ƙarƙashin jesi, ya sa safar hannu, na benci ya lulluɓa da bargo. Akwai lokacin da suka ɗauki yayin sa wani abin wuya mai kauri, har masu tsara dokokin ƙwallo suka hana a 2011, don gudun kada a fizgo mutum ta wuya. Babbar dabarar dai ita ce ta gudun faɗa da abin da ya fi ƙarfinka: Rasha takan rufe gasarta daga Disamba sai wajen Maris, Jamus takan tafi hutu, Sweden da Norway kuwa sun tsara kakar wasansu ta yadda za ta ƙare kafin sanyi ya kankama.

'Ya'yanmu sun ɗanɗana wannan. Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya koma CSKA Moscow ne a watan Janairun 2012, tsakiyar sanyin Rasha, ya kuma ɗauki kofin gasar ƙasar sau uku da su. Shi haifaffen Jos ne, ya san sanyi daidai gwargwado, amma ina sanyin Jos ina na Mosko. Sani Kaita ma ya taka leda a Rasha. Alhassan Yusuf daga nan Kano ya tashi ya sauka a Gothenburg ta ƙasar Sweden a 2018, yana ɗan shekara 18. Duk sun jure, kuma wani ɓangare na juriyar shi ne sun tarar da kulob da ya san darajar jikinsu, da likita, da ruwan zafi, da kayan sawa.

To mu nan Kano fa? Wani zai ce, malam, ina ruwan biri da gada, mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a hoto? Gaskiya ne. Da asubar watan Janairu sanyinmu yakan tsaya wajen digiri 12 ko 13, wasu ranakun ya gangara ƙasa da 10, da rana kuma ya haura kusa da 30. Baturen Rasha da ya ji wannan lissafi cewa zai yi bazara ce. Sai dai sanyi a jikin mutum ake auna shi, da abin da ke jikin nasa, da abin da ke cikinsa. Digiri 10 a kan yaron da ya fito da jesi ɗaya shara-shara, bai karya ba, ya kwana a ɗakin da tagarsa ba ta rufuwa, ya isa ya yi masa illa.

Sannan namu sanyin ba shi kaɗai yake zuwa ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, tana ɗauke da ƙurar da ta kwaso musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda a da can ruwan babban tafki ya kwanta. Ƙura ce mai laushi kamar garin alkama, ita ce hazon da kan hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Iskar kuma busasshiya ce ƙayau, ita ke fasa leɓe, ta kawo kaushi da faso da haɓo. Wanda ke zaune a gida kaɗan yake shaƙa. Wanda ke gudu a fili kuwa numfashinsa ya ninka sau da yawa, kuma da ya gaji sai ya buɗe baki. Hanci Allah Ya yi shi da hikima, yana tace iska, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta kafin ta isa huhu. Baki ba ya wannan aikin. Shi ya sa za ka ga yaro lafiyayye bayan minti 20 na gudu ya duƙa yana tari, ƙirjinsa yana shaƙewa kamar an ɗaure shi da igiya. Ga mai ciwon asma wannan ba abin wasa ba ne. Na taɓa tsayawa a bakin wani fili na ga yaro ya zube yana neman numfashi, abokansa suna masa fifita da riga suna cewa gajiya ce, babu mai abin shaƙa ko ɗaya a wurin, sai da aka sa shi a adaidaita sahu zuwa asibiti. Har yau idan na tuna idanun yaron nan sai gabana ya faɗi.

Ku ƙara da filin kansa. Yawancin filayen unguwanninmu ba ciyawa, a hunturu ƙasa takan bushe ta yi tauri kamar daɓe. Ƙafafun 'yan wasa 22 suna tayar da ƙura a kan wadda iska ta kawo. Wanda ya faɗi ya kuje, fata kuma da ma ta bushe, ciwo ya daɗe bai warke ba. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon unguwa da safiyar sanyi ya san zafin ƙwallo idan ta sauka a cinya, zafin da kan sa babban saurayi ƙwalla.

Akwai abu biyu da nake roƙon kociyoyinmu su riƙe, don su ne iyayen yaran nan a fili. Na farko ɗumama jiki. Tsoka mai sanyi kamar danƙon da ya kwana a waje take, ka ja ta da ƙarfi ta tsage. Yawancin ciwon bayan cinya da na matsematsi da ake samu a wannan lokaci daga nan yake: yaro ya iso a makare, ya cire riga, ya faɗa fili ya buga shot da dukkan ƙarfinsa. Abin da ya dace shi ne a fara da sassarfa da rigar sanyi a jiki, minti 15 ko 20, har gumi ya fara tsattsafowa, sannan a miƙe gaɓoɓi, sannan a taɓa ƙwallo. Na ga kociyoyin da ke yin haka ba fashi a filin sukuwa, kuma ina jinjina musu, don mafi yawansu ba wanda ke biyansu ko sisi.

Na biyu ruwa, kuma nan ne aka fi yin sake. A zafin watan Afrilu ba sai an ce wa kowa ya sha ruwa ba, maƙogwaro ne ke kira. A hunturu ƙishirwa takan yi shiru. Gumi yana fita, busasshiyar iska tana lashe shi nan take, riga ba ta jiƙa sosai ba balle mutum ya gane, kowane numfashi kuma yana fita da danshi. Sai a wayi gari yaro yana ciwon kai, jijiya tana ɗaure masa, a ce sanyi ne ya kama shi, alhali jikinsa ne ya bushe. Ga masu ciwon sikila, waɗanda muke da su da yawa a ƙasar nan, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Kocin da bai san wane ne mai sikila ko mai asma a cikin yaransa ba, bai gama sanin tawagarsa ba. Tambaya ce kawai, a yi wa yaron, a yi wa iyayensa.

Sai kuma bayan an tashi. Nan ne sanyi ke shammatar mutum. An gama wasa, jiki ya yi zafi, ana zaune ana musun wa ya ɓarar da ƙwallo, jiƙaƙƙiyar jesi tana manne a baya, iska tana bugawa. Riga mai gumi janye ɗumin jiki take yi. A cire ta, a sa busasshiya, a rufe ƙirji da kai, sannan a ci gaba da musun.

Yaran kansu suna da dabarunsu, kuma ban raina su ba. Man kaɗanya ko basilin a leɓe da ƙafa da cikin hanci. Safa biyu. Tsohuwar safar ƙafa a mayar da ita safar hannu. Hular sanyi da suwaita daga 'yan gwanjon Ƙofar Wambai, inda za ka tarar da rigar atisayen wani kulob na Turai da ta ƙare zamaninta can ta zo ta fara sabuwar rayuwa a jikin ɗan Giginyu. In an tashi a tsaya wajen mai koko da ƙosai, ko a sha kunun tsamiya mai zafi, ko shayi da citta da kanumfari. Wannan duk daidai ne. Wanda ba daidai ba shi ne ƙona taya ko leda don jin ɗumi a bakin fili. Huhun da ya gama shan ƙura awa biyu, a ƙara masa baƙin hayaƙin roba? Don Allah a bari.

Bari mu leƙa Ƙofar Mata. Filin wasa na Sani Abacha da ke can ya san hunturu tun ba yau ba. Gasar cin kofin Afirka ta 2000, wadda Najeriya da Ghana suka shirya tare, a watan Janairu da Fabrairu aka yi ta, kuma nan Kano aka sauke Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso. Yanzu da gasar Firimiyar Najeriya take farawa wajen ƙarshen damina ta ƙare wajen Mayu, tsakiyarta cif a hunturu take faɗawa. Ƙarfe 4 na yamma aka saba take wasa, lokacin rana tana da sauran ƙarfi, don haka da yawa sukan shigo da riga ɗaya. Kafin a busa tashi rana ta yi ja ta nutse cikin hazo, simintin da ake zaune a kai ya huce, iska ta juyo. A nan za ka gane tsohon ɗan kallo: shi ne wanda ya shigo da suwaita a ɗaure a ƙugu da ɗan kwali na zama, da hirami ko takunkumi na toshe hanci. Sauran kuwa sai a matsu da juna, a ɗaga murya. Ganga da kakaki da tsalle da ihun Sai Masu Gida suna ɗumama jini fiye da yadda ake zato, kuma ranar da Pillars ta ci, ba wanda ke tuna sanyi sai ya hau babur zai koma gida. Wannan komawar ita ce mai wuyar, musamman ga uban da ya ɗora ƙaramin yaro a gaban babur ba hula ba rigar kirki.

Baƙin da ke zuwa mana daga Aba ko Fatakwal ko Legas, inda iska ke da danshi, su ma suna ji a jikinsu: maƙogwaro ya bushe, leɓe ya fashe, numfashi ya yi nauyi. Mu ma idan muka je can zufa da damshi ke cin mu. Wannan rabon ƙasa ne, ba laifin kowa. Pillars ta ɗauki kofin gasar a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, kuma ƙafafun su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad ne suka yi aikin, hazo bai ci ƙwallo ko ɗaya ba.

Amma mafi yawan 'yan kallon Kano ba a filin wasa suke shan sanyi ba, a gidan kallo suke sha. A wannan lokaci wasannin dare na gasar zakarun Turai ƙarfe 9 suke farawa a agogonmu, a tashi wajen 11. Wasan ƙarshe na kofin Afirka da Najeriya ta buga da Kwaddibuwa ranar 11 ga Fabrairun 2024 ma da dare muka kalle shi. Rumfa ce ta kwano ko ta buhu, an toshe ko'ina don kada iska ta shigo, mutum 100 a kan benci, wannan yana tari wancan yana atishawa. A ciki ɗumi har da gumi, ana fitowa iska ta tare ka. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne janareta da ake matsowa da shi jikin rumfa, ko kaskon gawayi da ake shigowa da shi. Hayaƙin janareta da na gawayi suna ɗauke da wata iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci, kuma a rufaffen wuri tana kisa. Masu gidajen kallo, ku nisanta janareta, ku bar kafar da iska za ta riƙa fita. Haka wanda ya koma gida cikin dare yana rawar ɗari, kada ya rufe ɗaki da garwashi ya kwanta.

Yanzu maganata ta dawo gida, gare mu mazauna Nassarawa GRA. Unguwa ce ta masu hali, ta manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da tsofaffin masu mulki. Yaran nan ta ƙofar gidajenmu suke wucewa kullum da asuba, muna jin takunsu daga cikin bargo. A cikin kowane gida a nan akwai rigunan sanyin da 'ya'yanmu suka girme su, akwai kambas da aka daina sawa. Buhun fiya wata nawa ne? Fulas ɗin shayi babba nawa ne? Akwatin taimakon gaggawa mai bandeji da aidin da abin shaƙar asma, wanda likita ya nuna yadda ake amfani da shi, bai kai kuɗin man da muke sha a mota a kwana biyu ba. Muna son ranar da ɗayansu zai sa rigar Super Eagles mu ce ɗan Kano ne, mu ɗauki hoto da shi. To yau ne yake bukatarmu, da leɓensa a fashe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha da masu shirya gasannin unguwanni su ma akwai nasu. Ranar da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin ƙura mai kauri, ranar da ba ka iya hango ragar can daga ragar nan, ɗage wasan yara ba abin kunya ba ne. Atisayen ƙananan yara a watan Disamba da Janairu, in ranar ba makaranta, me zai hana a matsar da shi zuwa hantsi? A yayyafa wa fili ruwa kafin wasa inda hali ya yi. Kwas ɗin da ake yi wa kociyoyi a sa darasin asma da sikila da taimakon farko a ciki. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar wayar lantarki a ƙarƙashin ciyawa irin ta Everton.

Da zan baro filin da safen nan na ga wani ɗan ƙaramin gola, bai fi shekara 12 ba, tsaye tsakanin duwatsu biyu da aka ajiye a matsayin raga. Golan shi ne ya fi kowa shan sanyi, don kowa yana gudu shi yana tsaye. Ya cusa hannuwansa a hammata, yana ɗan tsalle-tsalle, idonsa na kan ƙwallo. Da aka bugo masa ya tare ta da tafin hannu tsirara, na ga ya yarfe hannun ya hura masa iska, ya jefa ƙwallon ya koma ya tsaya. Na tambayi kocinsu, ya ce kullum nan suke in Allah Ya kai mu, daga an idar da sallar asuba har rana ta ɗaga. Wanda ke da safar hannu ko rigar sanyi da ba ya bukata, ƙarfe 6 da rabi zai same su a can, ta ɓangaren titin Race Course.